Ku masu shuɗin fasfon Amurka, wa ya ce muku ba ruwanku?

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana na Bronx da Harlem da Shikago, har da 'yan Nijar na Greensboro. Yau kam ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Asabar.

Walimar suna muka je. Dattawa na ciki ana addu'a, samari sun yi cincirindo a bakin ƙofa kan waya guda suna ta sheƙa dariya. Na leƙa in ga abin da ake yi wa dariya. Ashe bidiyo ne na jami'an ICE, hukumar shige da fice ta Amurka, fuska a rufe, sun danne wani bawan Allah a ƙasa, matarsa na kururuwa. Wai abin dariyar shi ne yadda takalminsa ya fice ya yi gefe. Na ce, yara, wannan ne abin dariya? Sai ɗaya daga cikinsu, yaron da a gabana aka raɗa masa suna, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kawu, ni fa ba ruwana, a nan aka haife ni."

A nan aka haife ka, madalla. To ka san ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da Trump karo na biyu, ya sa hannu kan umarnin da ke neman hana 'ya'yan marasa takardu da na masu bizar wucin gadi zama 'yan ƙasa, ko da a asibitin nan aka haife su? Wannan haƙƙi yana cikin gyara na 14 na kundin tsarin mulki tun 1868, amma mutum ɗaya ya ɗauki biro ya ce zai soke shi. Alƙalai ne suka yi maza suka taka masa birki. Gaskiya ne umarnin bai waiwayi waɗanda aka riga aka haifa ba. Amma ka je ka tambayi mahaifiyarka wace takarda ce a hannunta ranar da ta haife ka, sannan ka dawo ka sake ce min ba ruwanka.

Wannan "ba ruwana" ita ce ta ishe ni. Mai katin zama yana cewa ba ruwansa, marasa takardu ake nema. Mai fasfo yana cewa ba ruwansa, masu katin zama ake nema. Mahmoud Khalil katin zama na dindindin gare shi lokacin da aka ɗauke shi daga gidansa a New York cikin Maris 2025, saboda ya jagoranci zanga-zangar Gaza a jami'ar Columbia. Aka kai shi Louisiana, ya yi sama da kwana 100 a tsare, har matarsa ta haihu ba ya nan, kuma ba laifin sata ko duka aka tuhume shi da shi ba. A watan dai, cikin azumi, Rumeysa Ozturk, ɗaliba 'yar Turkiyya a jami'ar Tufts, ta fito za ta je shan ruwa da ƙawayenta, mutane cikin farin kaya suka tare ta a kan titi suka saka ta a mota. Me ta yi? Ta sa hannu a wani sharhi a jaridar ɗalibai. Bizarta lafiya lau take kafin a soke ta a ɓoye. Ita ma da ɗankwalinta, kamar ƙanwarka. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

Sai kuma 'yan Venezuela sama da 200 da aka kwasa cikin jirgi zuwa kurkukun CECOT a El Salvador, da yawansu an fake da wata doka ta 1798, ba tare da an tsayar da su gaban alƙali ba. Za ku ce ai 'yan daba ne. Wa ya tabbatar? Amfanin kotu ke nan. Ranar da aka daina kai mutum gaban alƙali, a gaban wa za ka nuna shuɗin fasfon naka? Kilmar Abrego Garcia gwamnati da bakinta ta amsa cewa bisa kuskure aka kai shi can, amma sai da aka sha fama har Kotun Ƙoli kafin a dawo da shi.

Akwai kuma masu wata cutar, masu tafi da jinjina, wai "namijin duniya, ba ya jin tsoron kowa". Da yawa ma daga gida suke turo mana saƙon murya suna yaba shi. A Yunin 2025 ya rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, a Disamba ya ƙara da Nijar, Najeriya ma aka taƙaita mata biza, har yanzu ana tafi. Kaka na can tana son zuwa ganin jika ba hali, jikan na nan yana cewa ba ruwansa. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda iyayenmu ke kunnawa da asuba tun 1979, a Maris 2025 aka wayi gari ya yi tsit, an ce ma'aikata su zauna a gida. Ban ji ɗayanku ya ɗaga waya ya kira ɗan majalisarsa a kan haka ba. Amma a ce TikTok za a rufe, sai ka ga an hana ido barci.

Ku da aka haifa a nan kuna zaton mulkin kama-karya sai an ga tankar yaƙi a gidan rediyo an ji "'yan uwana 'yan ƙasa". Mu da muka ga Doka ta 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor kan labarin jarida, muka ga an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, muka ga tazarcen Tandja a 2009, mun san kamshin abin tun daga nesa. Da kaɗan-kaɗan yake zuwa. A Yulin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta ce shugaba na da kariya daga tuhuma kan ayyukansa na ofis. Waɗanda suka fasa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, kimanin 1,500, aka yafe musu rana guda. Shugabar hukumar ƙididdigar ayyuka ta fitar da alƙaluman da ba su yi daɗi ba, ranar aka sallame ta. Aka tura dakarun National Guard, wato sojojin ko-ta-kwana na jihohi, Los Angeles gwamnan jihar yana cewa bai yarda ba. Ga hulunan Trump an buga 2028 a jiki, alhali tsarin mulki ya ce wa'adi biyu ne. Manyan ofisoshin lauyoyi da jami'o'i masu biliyoyin daloli wasu suka durƙusa suka biya don a ƙyale su. Su ma "ba ruwana" suka yi, irin ta masu kwat. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san abin da za ku ce: duk kanwar ja ce, Obama ma ya kori miliyoyi, Biden ya ba da makaman da aka rusa Gaza. Ban musa ba, ni ma abin na ci na a rai. Amma fushi da kaza ba ya sa a buɗe wa muzuru akurki. Kuma wanda ya je ya kaɗa ƙuri'ar fushi na fi ganin girmansa a kan wanda ya kwana ranar zaɓe. A 2020 ƙuri'a 11,779 ce ta raba gardama a jihar Georgia, har Trump ya buga waya yana neman a samo masa 11,780. Wanda ya ce a'a ɗan jam'iyyarsa ne, Brad Raffensperger, jami'in da ke kula da zaɓen jihar a lokacin. Da shi ma ya ce ba ruwansa fa? Nan kusa, Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, Musulmi, ya ci magajin garin New York a Nuwamban 2025 domin yara sa'anninku sun bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Nawa ne a cikinku suka fita? Kuna can ana gasar wa ya fi kashe kuɗi a kamu da dina, ana liƙin dala ana ɗauka a waya, kuɗin haya kuma ya gagara ƙarshen wata.

Ba cewa na yi ku fita ku yi rigima ba, balle wanda takardunsa ba su kammala ba, shi ya kama kansa. Da masu fasfo nake. Ku ne ba a iya ɗagawa cikin sauƙi, ku ne ke jin Turancin, ku ne bakin iyayenku. Ku yi rajista, ku yi zaɓe har na ƙananan kujeru, ku san haƙƙinku ku koya wa tsofaffi, ku tsaya wa maƙwabci ko da Sifaniyanci yake yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannu, in bai iya ba da harshe, in bai iya ba da zuciya. Ina dariya ta shigo a nan?

Ƙofar da muka shigo ma wasu ne suka buɗe ta da jininsu. A Maris 1965 aka fasa wa John Lewis, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata, kai a kan gadar Selma a jihar Alabama saboda ƙuri'ar da kuke rainawa, kuma a guguwar wannan shekara ce aka sauya dokar shige da fice da ta ba irinmu damar zuwa. A Fabrairun 1999, da 'yan sanda suka harba wa Amadou Diallo harsashi 41 a ƙofar gidansa a Bronx, direbobin tasi da masu tallar agogo a bakin titi suka ajiye sana'a suka fito cikin sanyi. Yawancinsu ba takarda, ba Turanci, ba lauya. Ba wanda ya ce ai Bafulatanin Gini ne. A lokacin in aka kama mutum da daddare, kafin azahar an zaga da hula an haɗa kuɗin lauya. Yanzu a kira taron ƙungiya, masu furfura ne kawai za ka gani a kan kujeru, su ma suna ta raguwa, wasu sun koma gida, wasu mun kai su makwanci a New Jersey. 'Ya'yan da suka yi tuƙin dare don su kai jami'a kuwa sai an yi shelar shinkafa da nama suke leƙowa.