Sighet, garin da aka kwashe Yahudawansa cikin mako guda

Jama'a, in ana tallar yankin Maramureş na arewacin Romaniya, abin da ake nunawa bai wuce majami'un katako masu dogayen hasumiya ba, sai maƙabartar Săpânţa inda ake shafa wa allon kabari shuɗin fenti a rubuta wa mamaci baitocin barkwanci. Ba laifi. Amma ni garin Sighet ne ya tsaya min a rai.

Ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, a bakin kogin Tisa, kana tsallake gada ka shiga Yukiren. Akwai tsohon kurkukun 'yan gurguzu da aka mayar gidan tarihi, inda tsohon firaminista Iuliu Maniu ya mutu a 1953. Nan baƙi suka fi cika.

Kafin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen garin Yahudawa ne, da shagunansu da makarantunsu na addini. A 1940 yankin ya koma hannun Hungary. A watan Mayun 1944 jandarmomin Hungary suka loda kusan mutum 13,000 daga Sighet da ƙauyukanta a jiragen ƙasa huɗu zuwa Auschwitz, sansanin kisan gilla na gwamnatin Hitila. Mako ɗaya bai cika ba aka gama. Cikinsu har da yaro ɗan shekara 15, Elie Wiesel, wanda ya tsira, ya kuma karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1986. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba su fito ba. Gidansu yanzu gidan tarihi ne, kuma a 2018 wasu suka bi dare suka rubuta zagi a bangonsa.

Kada Romaniya ta ce ai Hungary ce. Kwamitin da Wiesel ya jagoranta ya bayyana a 2004 cewa Yahudawa 280,000 zuwa 380,000 ne suka mutu a hannun gwamnatin Antonescu, wanda ya mulki Romaniya a lokacin yaƙin.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: to Gaza fa? Wallahi nima abin yana cin raina. Sai dai masu liƙa hoton Hitila suna masa kirari, ku gaya min, tsohuwar da aka tura cikin taragon shanu a Sighet, shekara huɗu kafin a kafa Isra'ila, wane Bafalasɗine ta zalunta?