Bel ɗin taimin ba ya kuka kafin ya tsinke

Direbobi da dama a nan Legas sun yarda cewa ba a taɓa bel ɗin taimin, wato bel ɗin roba da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, sai an ji yana ƙara. Suna da dalilinsu, domin fambel, wato bel ɗin da ake gani a wajen inji, yakan yi kuka idan ya saki, kuma ba mai son kashe kuɗi kan abin da ke aiki. Abin da ke damuna shi ne, bel ɗin taimin yana rufe cikin murfi, kuma sau da yawa yakan tsinke ba tare da wata alama ba. A injina da yawa, da zarar ya tsinke fistin zai daki bawul, gyaran ya koma na buɗe inji.

Abin dogaro shi ne littafin motar, wanda galibi yake sanya canji tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000, ko bayan shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa. Lissafin shekarun ya fi shafarmu, saboda motar da ta yi awa biyu a cunkoson hanyar Agege zuwa Oshodi injinta bai huta ba, alhali mitar kilomita ba ta ƙirga wani abin kirki ba, zafi kuma yana busar da roba. Wanda ya sayi tokumbo, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, bai san tarihinta ba, gara ya canza bel ɗin tun farko.

Idan bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, a canza su tare, domin kwancewar bakanike ɗaya ce, kuma famfon da ya cije yana iya tsinka sabon bel. Motocin da ke da sarƙa a madadin bel, tsarinsu daban ne.