Sabuwar manhaja a kan Debian 12

Malam marubuci, ka ce a riƙa jawo sababbin manhajoji daga ma'ajiyar testing, wato reshen gwaji na Debian, ana ɗorawa kan Debian 12, tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta. Ni dai ban yarda ba. Sabuwar manhaja ba ta zuwa ita kaɗai, sau da yawa sai ta nemi sabon libc6, ginshiƙin da yawancin manhajoji suka dogara da shi, daga nan apt, mai saka manhajoji da cire su, ya fara cire abin da ba ka sa shi ba. Gyaran tsaron Debian 12 ma ba zai ƙara bin ta ba. Mu nan Agege, in kwamfutar buga takardun shago ta ƙi tashi da safe, sai Computer Village, kasuwar sayarwa da gyaran kwamfuta, ga cunkoson Ikeja, cinikin wuni ya tafi. In sabuwar manhajar ta zama dole, gara Flatpak, mai ɗora manhaja a keɓe daga sauran tsarin, cire shi ba wuya. Wanda Wi-Fi ɗin sabuwar kwamfutarsa ya ƙi aiki kam, ya ɗauko sabon kernel, wato zuciyar tsarin, daga backports, ma'ajiyar sababbin manhajojin da aka daidaita wa Debian 12.