Yarana sun san Rhine, ba su san Kwara ba

A hutun makarantar bana na kwashi iyali muka shiga jirgin ruwa a kogin Rhine daga Koblenz zuwa Bingen, nan Jamus. Tafiyar kilomita 65 ce a kwarin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Duk inda ka waiwaya, ga tsohuwar fada a kan tsauni, ga gonakin inabi sun sauko har bakin ruwa. Yaran suka raba aiki: babbar tana ƙirga fadoji, ƙaramin yana jiran dutsen Loreley. Da muka iso Kaub ya ga ginin nan da ke tsakiyar kogi, inda a da ake tare jiragen fatake a karɓi haraji, sai da na yi masa bayani sau uku.

Ni kuwa hankalina yana Yawuri, a bakin Kwara, wato kogin Neja.

Kwara ta fi kilomita 4,000, Rhine bai kai ko sulusinta ba. Mahaɗar kogunan Mosel da Rhine da Jamusawa ke tinƙaho da ita a Koblenz, mu ma muna da tamu a Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, ga Dutsen Patti ana hango komai daga kansa. Ga tafkin Kainji, ga tsibiran Gungawa, ga Rigata, bikin tseren kwale-kwale na Yawuri. Wallahi ba abin kallo muka rasa ba.

Abin da muka rasa shi ne natsuwar da ta sa na bar ɗan shekara shida ya jingina da ƙarfen jirgi ban riƙe masa riga ba. A nan an ƙayyade yawan fasinjoji, in sun cika an rufe ƙofa, ko kai wane ne. A gida kwale-kwale ɗaya ke ɗaukar mutane da buhuna da babura, ba rigar kariya, wani lokaci ma da dare. Ban manta hatsarin jirgin Warra a 2021 ba, ban manta na 'yan bikin Patigi a 2023 ba. Kowanne ya ci rayuka da dama. Waɗannan ba yawon buɗe ido suka fita ba, kasuwa da zumunci ne suka sa su kan ruwa.

Shi ya sa nake ganin maganar yawon shaƙatawa a Kwara ta yi wuri, in ba a fara gyara jirgin da ke kai mutane kasuwa ba.

Da daddare babbar ta ce, "Baba, in mun je gida za ka kai mu koginku?" Na ce mata za mu je bakin ruwa, in sha Allah, mu kalli Sarkawa suna jefa taru.