Mu muka koya wa fita canki-canki

Ka tsayar da motarka a bakin kowane bes, wato majalisar hira, a Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, ka ɗaga bonet, ka ga ikon Allah. Kafin tururi ya lafa mutum biyar sun kewaye ka. Mai shayi zai ce filogi ne. Direban tasi zai ce ina, famfon mai ne, tasa ma haka ta yi masa bara. Wani dattijo da ya koyi tuƙi tun ana bin hannun hagu a nan Gana, wato kafin 1974, zai ce, “Yaro, cire tamostat ka huta.” Kowa da gaskiyarsa yake faɗa, ba wanda ya nemi ko sisi, kuma wannan na cikin daɗin zaman Zango. Ban zo raina shi ba. Abin da ke damuna shi ne tambayar da muke yi. Kullum “me zan canza?” muke cewa. Da wuya ka ji wani ya ce, “Wa zai duba mini ita sosai, kuma nawa zan ba shi?”

Mu masu mota a Kumasi ba ma biyan kuɗin dubawa, kuma a ganina daga nan yawancin kukanmu da makanikai ya samo asali. Fita, kamar yadda muke kiran bakanike a nan, zai yi awa biyu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano wadda ta saki, ya ɗaure. Sai mai mota ya ce, “Haba Masta, ai ba ka canza komai ba,” ya miƙa masa kuɗin koko. Da a ce tun farko ya ce koyil ne, ya tura yaro Magazin, wato babbar unguwar makanikai da kayan mota da ke Suame, da ya sami ɗan abin da mai shago zai sa masa, ga kuɗin aiki, ga godiya. Mutum yana da iyali. In shekara goma kana nuna masa cewa tunaninsa kyauta ne, sufanarsa kawai ake biya, to sufana zai riƙa ɗaukowa.

Ni ma na yi. Wata tsohuwar Corolla da nake da ita ta fara rawa in an tsaya a danja, fitilar inji ta kama. A mako uku na sayi filogi huɗu, koyil biyu da famfon mai, aka wanke nozul, duk bisa shawarar mutanen kirki. Rawa tana nan. Daga baya wani matashi mai wayarin ya jona na'urarsa, ta nuna P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Bai ce in sayi komai ba. Ya sunkuya yana bin babban tiyon da ke kai iska, ya murɗa shi, sai ga tsaga a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Da ya faɗi kuɗinsa, wallahi sai da na ji zuciyata ta ce, tiyo kawai? Ni da na zubar da ninkin wannan kan kayan da lafiyarsu ƙalau ban ji zafi ba. Tun ranar na daina ɗora wa fita laifin shi kaɗai.

Ita ma na'urar ba boka ba ce. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan kafa ta ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD-II, Turai ta biyo baya, yau kuma na'urar karantawa ta yi arahar da kowa zai iya rataya ta a wuya. Amma lambar da take nunawa kamar mara lafiya ne ya ce cikinsa ke ciwo, sauran aikin na likita ne. Yanzu mun shiga sabon salon canki-canki: “Mashin ya ce sensa.” A sayi sensa, a goge lambar, fitila ta mutu, bayan kwana uku ta dawo. Sau da yawa sensar gaskiya ta faɗa, ita aka kora aka bar mai laifi.

Kada wani ya ɗauka ina zagin Magazin. Duk Afirka ta Yamma wurare irin Suame ba su da yawa. Sunan ma daga rumbun makaman sojan mulkin mallaka ya samo asali, yau kuma dubun dubatar mutane ke ci daga nan, daga masu walda da masu fenti zuwa masu sassaƙa ƙarfe, cikinsu har da ’ya’yan Zango da na Arewa masu ɗimbin yawa. Motar da aka yanke wa ƙauna a Turai, a Suame take tashi ta ƙara shekara goma tana jigila tsakanin Kejetia da Tafo. Manyan mastocinmu sun koyi aiki a kan Bedford da Fijo 504 da Benz 207, injinan da kunne ke iya karantawa, kuma sun karanta su fiye da yadda masu ƙera su suka zata. Sai dai motar yau kwamfuta ce ke auna mata mai da iska, kuma wasu dabarun da suka yi aiki a zamanin kafireto yanzu su ne ke kashe ta a hankali.

Ɗauki maganar tamostat, wadda kusan ta zama aƙida. Ana cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, mu nan zafi gare mu. Ba haka ba ne. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90, kuma aikin tamostat shi ne ya kai shi nan da wuri ya riƙe shi a nan. In aka cire, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta ga sanyi ta ƙara mai, man da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Direba na kukan mota na shan mai, bai san da kuɗinsa aka saya masa matsalar ba. Abin da ya sa motar zafi tun farko kuwa, lagireto da ya toshe ne, ko fanka, ko murfin da ya daina riƙe matsi, yana nan yana jira. Haka zuba ruwan famfo zalla a lagireto, wanda ke cin ƙarfe ya bar tsatsa. Haka ɗura mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta 5W-30 ko 0W-20 a murfinsa, wai don kauri shi ne ƙarfi. Mafi tsada duka, giyar CVT da ke cikin ƙananan motoci irin Vitz da yawancin Nissan: tana da manta na daban, in aka zuba mata na giyar otomatik ta gargajiya, a fara tanadin kuɗin giyabos.

Duk wannan a kan motar da ka riga ka mallaka ne. A wajen saye rowar dubawa ta fi yi mana illa, domin nan kuɗin shekaru ake ɗauka a miƙa cikin yini ɗaya.

Kalmar “hom yus” da ake kiran motar hannu da aka shigo da ita daga waje tana da daɗi a kunne. Mutum sai ya hango wata tsohuwar Baturiya da ba ta zuwa ko'ina sai kanti. Gaskiyar ita ce da yawa daga motocin Amurka da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema daga gwanjo aka sayo su, irin na Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, bayan sun lissafa cewa gyara a can ba zai biya ba. A nan gyaran yana biya, shi ya sa ake kawo su, a buga, a yi fenti, a jera a gareji. Ni ban ga aibi a wannan sana'a ba. Motar da aka buge ta baya aka gyara da kyau tana iya yi wa mutum shekaru. Aibin yana wajen ɓoyewa, kuma mu da muke jin hadisin “wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu” tun muna makarantar allo, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba.

Abin takaici, yawancin abin da ake ɓoyewa ba shi da wuyar tonawa. Kowace mota tana da lambar shasi, ta motar Amurka kuma harafi da lamba 17 ce, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. In motar Amurka ce, sau da yawa rubuta lambar a intanet kawai ya isa ya fito maka da hotunanta ranar gwanjo, da gaban da ya lotse da jakar iskar da ta fashe. Ta ruwa ta fi ta hatsari sharri. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irin waɗannan ba duka ake niƙewa ba. Ba sai an je Amurka ba ma, wanda ya ga Akra ranar 3 ga Yuni 2015 ya san mu ma muna da namu. Motar ruwa tana tashi lafiya a gaban mai saye, sai bayan watanni tsatsa ta gama cin mahaɗan wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, ba fitan da zai gane kanta. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai shatin laka. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu daga baya. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila wani ne ya rufe mata baki. Kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, 100,000 a can kilomita 160,000 ne, in ma ba a taɓa agogon ba.

Takardu kuma wani dajin ne. Motar da aka shigo da ita ta kan iyaka ba a biya mata kuɗin kwastan ba, ranar da aka tare ta a hannunka za a karɓe, ba a hannun wanda ya sayar maka ba. A ƙarshen 2022 hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki, tare da jami'an Amurka da Kanada, ta kwashe motoci masu tsada daga wasu gareji a Akra bisa zargin sato su aka yi daga can. Mu kuma da yawanmu muna yawo shekara da shekaru da sunan mai motar na farko, don ƙyashin zuwa DVLA, ofishin rajistar motoci, a sauya suna.

A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin da suka yi hatsari da waɗanda suka haura shekara goma, daidai lokacin da Volkswagen ya fara haɗa motoci a Akra. Dillalai da makanikai suka yi ca, aka dakatar da aiwatarwa. Ban yi baƙin ciki ba. Direban da ke neman ta Bolt ko tasi ba sabuwa zai saya ba, ko a Tema aka haɗa ta. Da ni ake tambaya, da tilasta wa mai sayarwa aka yi ya bayyana tarihin motar a rubuce, ya sa hannu, a bar mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Na san abin da za a ce mini. Yaron da ya karɓi mota a kan ya yi aiki ya biya, duk mako sai ya kai wa mai ita kuɗi, gyara kuma galibi a wuyansa, ina ya ga rarar biyan dubawa? Yinin da ya yi a wajen fita ma asara ce. Gaskiya ne, amma shi ne kuma wanda canki-canki ya fi yi wa ɓarna, don filogin da Alhaji zai saya a banza ya manta, shi kuɗin cefanen gidansa ne. Za a kuma ce wani fitan zai karɓi kuɗin dubawar ya ci gaba da cankensa. Wannan ma zai faru. Sai dai wanda ya biya yana da bakin magana. Yana iya cewa, “Masta, nuna mini abin da ya lalace kafin a sayo sabo, tsohon kuma a sa mini a but.” Wanda aka duba wa kyauta ba shi da wannan baki, kunya ma ba za ta bar shi ba. Haka fitan da ka ɗauka ya raka ka sayen mota: in ba kai ka biya shi ba, kada ka yi mamaki in mai gareji ya biya shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗan yayata zai je ganin wata Vitz a Tafo ranar Asabar, kuɗin da ya tara shekara uku yana ɗinki. Ya zo mini da hotuna yana ta yabon fenti. Na ce ya turo mini lambar shasi tukuna, ya ware kuɗin mai wayarin nan da ya gano mini tiyo, ya biya shi tun kafin su fita, ya kuma gaya wa dillalin kada kowa ya tayar da motar sai sun iso, don injin da ya kwana ba ya iya ɓoye hayaƙi da ƙara. Ya ce, “Kawu, in na isa na tarar injin da ɗumi fa?” Na ce ya gaishe su da kyau, ya ce zai dawo gobe bayan sallar asuba.