Ku bar yaran nan su taka gaɓar Kainji da ƙafarsu

Wallahi abin da aka yi wa matasan nan na Yauri a makon nan ya ɓata mini rai, kuma ba zan yi shiru ba. Duk kun ga hotunan, kun ga kuma abin da aka bi su da shi. Yara sun haɗa kuɗin mota daga aljihunsu, sun je sun yi tattaki a kan duwatsu da bakin ruwa a kewayen madatsar Kainji, sun dawo lafiya lau, sai ga manya masu furfura sun yi musu caa. Wai zaman banza ne ya ishe su. Wai kwaikwayon Turawa ne. Wai me ake gani a daji da bangon siminti. Har da mai cewa gara su zauna gida su sha iskar fanka. Haba Alhaji! Ita fankar, ruwan wa ke juya ta?

Maganata ɗaya ce: ɗan Yauri ko ɗan Ngaski da bai taɓa taka wurin nan da ƙafarsa ba, akwai babban gibi a sanin da ya yi wa gidansu. Yaran nan tarihin iyayensu suka je gani.

An fara ginin Kainji a 1964, zamanin Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968. Ita ce babbar madatsar lantarki ta farko a Najeriya, ta girmi Jebba, ta girmi Shiroro. An yi wa injuna 12 gurbi, aka kafa 8, masu ƙarfin megawat 760. Wannan kowane ɗan makaranta zai iya haddacewa. Abin da ba ya shiga kai sai an je shi ne girman abin da aka biya. Mutum sama da 40,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a ruwa, tana ƙarƙashin tafkin yanzu. Gungawa da suka gaji zama a tsibirai, suna noman albasa suna su, an kwashe su an zuba a gidajen siminti a tudu. Gonaki sun tafi, kasuwanni sun tafi, kushewun kakanni sun tafi.

To a ce yaro ya je ya tsaya a kan dutse ya dubi ruwan da ya ci garin kakarsa, shi ne zaman banza?

Masu cewa ai madatsar a jihar Neja take, ina ruwanmu, ku yi haƙuri, wannan ba magana ba ce. Bangon ne ke ƙasar Borgu. Ruwan da bangon ya tare ya yi baya fiye da kilomita 130, ya zo har ƙofar gidanmu a Yelwa. Layin wutar ma da ya taso daga Kainji ta Birnin Kebbi ya bi, daga can wani ya miƙe zuwa Yamai. Ko kun manta a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da aka katse shi duniya duk ta ji? Mu ne a bakin ruwan, mu ne a ƙarƙashin wayar. In babu ruwanmu, ruwan wa?

Kuma ƙafa nake nufi, ƙafa. Wanda ya wuce a mota da gilashi a rufe bai ga komai ba. Sai kana tafe a ƙasa za ka lura da zanen da ruwa ya bari a jikin duwatsu, layi bisa layi, ka gane iya inda yake kaiwa in ya cika da inda yake komawa in ya janye. A ƙasa za ka ga kwamin albasa a daidai inda ruwa ya sauka, ƙasar baƙa wuluk, manomi na tsere da lokaci kafin ruwan ya dawo. A ƙasa za ka tsaya ƙarƙashin manyan turakun ƙarfe ka ji wayoyin suna tsuwa a saman kanka. Nan ne yaro zai fahimci cewa wutar da yake cajin waya da ita ruwa ne ke gangarowa da ƙarfi ta manyan bututu yana murza inji. Nan zai ji dalilin da kogin Kwara ke cika sau biyu: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyin hunturu bayan ya yi wata da watanni a hanya tun daga duwatsun Gini.

Ni kaina wani dattijo mai jirgi ya taɓa tsayar da tuƙi a tsakiyar ruwa, ya nuna mini ƙasa da filafilinsa, ya ce nan rumfar mahaifinsa take a kasuwar garinsu. Babu komai a wurin sai ruwa da kan wani busasshen kututture. Ya faɗi sunan unguwanni ɗaya bayan ɗaya, yana nuna gabas yana nuna yamma. Irin waɗannan dattawan ƙarewa suke yi, jama'a. In matasa ba su je sun zauna da su yanzu ba, wa zai gaya musu gobe?

Batun kwaikwayon Turawa kuwa, ban san inda aka samo shi ba. Fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja ta Yauri suke ƙetare Kwara, da ƙafa da jakuna. Kakanninmu sun san kowane dutse da kowace ƙorama a hanyar nan da suna. Mu ne muka zauna, har zuwa masallacin unguwa sai an hau babur. Yaran nan gadon gida suka ɗauko.

Na ji masu maganar tsaro, kuma su kaɗai ne zan saurara. Gaskiya ne akwai sassan dajin Kainji da mai hankali ba zai shiga ba a halin da ake ciki. Amma yaran ba can suka nufa ba. Da rana tsaka suka yi tafiyarsu, da izinin masu gadin wurin, da ɗan gari a gabansu. In tsaro ne damuwarku, ku matsa wa hukuma ta gyara, ku nemi a share hanyar ƙafa, a kafa alluna masu bayani da Hausa, a ba samarin ƙauyukan aikin rakiya su sami na kansu. Ga hukumar HYPPADEC nan da aka kafa domin yankunan da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na ciki. Ku kai mata wannan buƙatar. Zagin yara ba ya tsare kowa.

Ƙannena, ku sake shiri ku koma, ku ɗauki na bayanku. Ku tafi da littafi da biro, ku gaida tsofaffi ku tambaye su, kada ku bar leda ko gorar ruwa a wurin. Allah Ya yi muku albarka.

Abu ɗaya dai na gani a hotunan da ya tayar mini da hankali, kuma duk masu surutun babu wanda ya ambace shi: kun shiga jirgi ba rigar ruwa mai hana nutsewa. Wannan kam zan yi muku faɗa. Ba mu manta jirgin da ya nutse a wajen Wara a watan Mayun 2021 ba, da yawan gidajen da aka yi zaman makoki. Kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna nan a ƙasa, matuƙi ba ya ganinsu sai ya hau. Kuma ku masu jirage, rigunan da aka raba muku a tasha, me suke yi a ɗaure cikin buhu? Ku fito da su ku ba fasinja, ko da ƙetare ɗaya zai yi.