Da Vinci ba sunan mahaifinsa ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka Da Vinci sunan uban Leonardo ne, mai zanen nan na Italiya. Ba haka abin yake ba. Vinci ƙaramin gari ne yamma da birnin Florence, a yankinsa aka haife shi a 1452. A Italiyanci "da" na nufin "daga", wato Leonardo mutumin Vinci, kamar yadda muke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. Sunan mahaifinsa Piero, marubucin takardun shari'a.

Yau an fi samun masu sunan Vinci can kudu, a Sisili da Puglia, kamar tsohuwar 'yar wasan tanis Roberta Vinci ta birnin Taranto da ke Puglia. Kada a ɗauke su jikokin Leonardo, don bai yi aure ba, bai bar ɗa ba har ya rasu a Faransa a 1519.